Fulakon Malam Bakari a Gadon Asibiti

Duk wanda ya san Gubi kafin a kawo jami'a ya san Malam Bakari. Dogo ne siriri, irin mutanen da in sun tsaya a bakin hanya sai ka ɗauka sanda aka kafa aka rataya mata riga. A ruga aka haife shi can wajen Ningi, ya tashi a bayan shanu, ya bi su kudu ya bi su arewa, har ranar da ya iso bakin ruwan Gubi ya ga sun sha sun kwanta, babu wadda ta ɗaga kai ta dubi hanya. Ya ce tun da dabbobi sun yanke shawara, shi wane ne da zai ja da su. Ya kafa bukka, bukka ta zama ɗakin laka, ɗakin laka ya samu rufin kwano. Da ɗalibai suka zo suka cika wajen, matarsa Habibatu ta gano cewa ɗan boko ma da cikinsa yake yawo, ta shiga ɗura musu kindirmo a robobi. Gida ya tsaya da ƙafarsa.

Abin da aka fi sanin Malam Bakari da shi, bayan shanu, shi ne fulako. Kowane Bafulatani yana da nasa rabon na kunya da haɗiye abu a ciki, amma shi kamar ranar da ake rabo ya karɓi nasa ya haɗa da na maƙwabta. Wani bijimi ya taɓa soke shi a cinya, ya ɗaure wurin da rawani, ya koro garke gida, ya yi alwala ya yi salla. Sai da Habibatu ta ga jini a kan buzu ta tambaya, ya ce mata ƙaya ce. Ba ya cewa ya gaji, ba ya cewa yana jin yunwa. In aka je biki aka kawo abinci, zai ce alhamdu lillahi yanzu ya tashi daga kan akushi, ko da kuwa tun safe ruwa ne kawai a cikinsa. A gida ma shi kaɗai yake ci a ɗakinsa. Habibatu ta ajiye kwano ta ja labule ta fita, can an jima ta dawo ta ɗauke. Maƙwabta har gardama suke yi kan ko an taɓa ganin bakinsa yana tauna.

'Ya'yansa biyu suka rayu. Nasiruddeen shi ya gaji sanda, duk rani yana kudu da manyan shanu. 'Yar farinsa Ni'ima kuwa, wadda bai taɓa kiran sunanta ba sai dai ya ce "yarinyar nan", ta kai ɗinkin salla Ƙofar Dumi wata shekara, ta dawo da ɗinkin da kuma labarin telan. Sunan telan Ashiru, ɗan cikin gari, mai fara'a da yawan gaisuwa, ya zo ya durƙusa ya nema aka ba shi. Malam Bakari ya ji yaron ya kwanta masa a rai ƙwarai. Shaidar haka ita ce bai taɓa faɗin sunansa ba, kuma in ya hango shi tafe a kan babur sai ya tuna yana da abin dubawa a bayan garke. A wajen Malam Bakari, ƙauna ba ta wuce nan.

To, a cikin wannan fulako ne ciwo ya samu wurin ɓuya. Da fari loma kaɗan zai yi ya ji ya cika. Daga baya abin da ya ci sai ya zauna masa a ƙirji kamar dutse, ya kwana ya wuni, sa'an nan ya dawo ta inda ya shiga. Bai gaya wa kowa ba. Kwano yana komawa wajen Habibatu a share, don ta taga yake juye wa kaji. Kajin gidan suka yi ƙiba har maƙwabta na tambayar wace irin dusa ake ba su, maigidan kuwa yana ta ƙarewa a cikin riga. Mutumin da dama siriri ne, kafin a gane ya rame sai an daɗe. Sai ranar da Habibatu ta zaga bayan ɗaki ta same shi dafe da bango yana amayar da tuwon shekaranjiya, tuwon yana nan kamar yadda ta tuƙa shi. Ta tsaya ta dube shi. Ya buɗe baki zai yi bayani, ta ce in ya ce mata ƙaya ce, yau za ta tara masa jama'a.

Aka fara da jiƙe-jiƙe da rubutu, aka je kemis aka karɓo maganin gyambon ciki. Duk abin da ya shiga sai ya dawo. Ni'ima tana jego a lokacin, ba ta fita, ta waya take kuka. Ashiru ne ya rufe shago ya zo da keke mai ƙafa uku ya ɗauki surukinsa zuwa asibiti a cikin gari. Malam Bakari ya yi tafiyar nan fuskarsa na kallon waje, kamar fasinjan da bai san na kusa da shi ba.

A asibiti aka ɗaura masa ƙarin ruwa, aka zura masa roba ta hanci har cikin tumbi don ta janye abin da ya taru. Aka yi hoto, aka sa masa wata robar mai ido ta baki aka leƙa ciki, aka ɗebi ɗan nama aka kai awo. Da sakamako ya fito, likitar da ke kula da shi ta zo ta ja kujera ta zauna a gefen gadonsa. Sunanta Likita Khairat, yarinya ce a idonsa, ba ta kai Ni'ima ba ma, da tabarau da magana ba kwana-kwana. Ta gaya masa ciwon daji ne a tumbi, wanda ake kira kansa da Turanci, ya tsiro daidai ƙofar da abinci ke fita zuwa hanji ya toshe ta. Ta ce ya riga ya yi nisa, ya taɓa hanta, cire shi ba zai yiwu ba, kuma ba za ta yi masa ƙarya ta ce za a warkar da shi ba. Abin da za a iya shi ne a sama wa abinci wata hanya. A wasu manyan asibitoci ana saka ɗan bututu mai kama da raga a buɗe wurin, amma su ba su da kayan. Abin da suke da shi tiyata ce: a ɗauko hanji daga ƙasa a ɗinke shi da tumbi ta wani gefen, abinci ya riƙa zagaye wurin da ya toshe.

Ashiru ya sunkuyar da kai yana salati. Malam Bakari, wanda ya feɗe dabbobi ba adadi kuma ya san tumbi da hanji kamar tafin hannunsa, ya auna maganar. Can ya ce ya gane. Manomi ne ya yi shuka a kan burtali, ba a iya tashinsa, sai a zaga da shanu ta gefe. Likita ta ce ko ita ba ta iya faɗinsa haka ba.

"In an zaga, zan koma Gubi?"

"In hanyar ta yi aiki, ka ci ya zauna, za ka koma, Baba."

"Shi ke nan. Kwana na Allah ne, ba a hannunki yake ba, ba a nawa ba. Amma ban so ajali ya zo ya same ni a nan da igiya a hanci kamar san huɗa."

Aka yi aiki, aka yi sa'a. Malam Bakari ya farfaɗo a ɗakin maza, da ɗinki a ciki da ruwa a hannu. Ƙa'idar ɗakin ita ce namiji ke jinyar namiji, mata sai lokacin dubiya da yamma su leƙo su tafi. Nasiruddeen yana can kudu, in ya baro shanu babu mai riƙe su. Saboda haka jinya ta faɗo kan Ashiru, shi kuwa ya karɓe ta hannu biyu. Likita ta ja shi gefe ta ce kada ya bar tsohon shi kaɗai, ya lura da duk abin da ya shiga bakinsa da duk abin da ya fita. Ashiru ya ɗauki maganar nan kamar wasiyya. Ya shimfiɗa tabarma a gindin gado. Nan yake salla, nan yake amsa wayar masu ɗinki yana ba su haƙuri. In ya fita, to alwala ce, ita ma a guje. Ba ya so a ce a Gubi ɗan birni ya yi sakaci da surukinsa. Ya san ana kunyar suruki, shi ma ba ya haɗa ido da Malam Bakari, amma a tunaninsa larura ta ɗauke sauran. Bai san Malam Bakari bai samu wannan sanarwa ba.

A gadon da ke kusa akwai wani tsohon soja, Kofur Modu, Babarbare, wanda bayan ya ajiye kaki ya buɗe shagon kayan masarufi a bakin barikin Shadawanka. Ciwon suga ya ci masa ƙafa, ya daɗe a ɗakin har ya zama kamar mai unguwa, ya san ciwon kowa da sunan matar kowa. Hausarsa irin ta bariki ce, mace da namiji duk "shi" ne. Yana ganin an kwantar da Bafulatani kusa da shi ya ce Allah ya amsa addu'arsa, an kawo masa bawansa har gado. Malam Bakari, da robar hanci da komai, ya ce a gaya wa Babarbaren nan ubangijinsa ba shi da lafiya, ya rage surutu. Wasan Fulani da Barebari ya girmi asibitin, kuma shi ne kaɗai abin da ke sa Malam Bakari murmushi a kwanakin nan.

Da aka kwana biyu aka cire robar hanci. Malam Bakari ya shafa hancinsa ya yi hamdala, ya ɗauka sauran abu mai sauƙi ne. Da safe sai ga Likita Khairat ta zo zagaye, ɗalibai na biye da ita da fararen riguna, maza da mata. Ta danna cikinsa, ta ɗora abin saurare, sa'an nan ta tambaye shi ko iska ta fita. Malam Bakari ya dubi silin. Ta ɗauka bai ji ba, ta ɗaga murya ta faɗi abin da sunansa na gaskiya, wanda yara ke faɗa a yi musu dariya, ta ce ko ya yi tusa.

Ga ɗalibai sun zuba ido da biro a hannu. Ga mijin 'yarsa ta fari a tsaye a kansa, ya miƙo wuya yana jiran amsa kamar mai jiran ganin wata. Malam Bakari ya ji da ma bijimin nan ne ya dawo. Ya ce babu.

Gaskiyar magana kuwa akwai. Tun jiya hanji ya farka ya kama aiki, kuma abin da likita ke nema, alamar cewa hanya ta buɗe, yana zuwa a kai a kai. Malam Bakari ne ke danne shi da dukan ƙarfin da ya rage masa, sai Ashiru ya ruga alwala ya samu sararin sakinsa. Shi a ganinsa wannan tambaya ce irin ta rashin ta-ido da 'yan boko suka saba, ba ta da wani amfani, in ya yi haƙuri za ta wuce.

Ba ta wuce ba. Kullum da safe sai an yi ta, kullum amsa ɗaya. Likita ta rasa gane kan abin: ciki laushi, kunnenta yana jin hanji na motsi, amma mai cikin ya ce babu. Ta ce to a gwada shi da ruwa kaɗan-kaɗan, in ya zauna a bi da kunu mai ruwa-ruwa. Habibatu ta dama kunun gero ta tace shi sosai ta kawo a filas. Ashiru ya zuba a kofi, ya ɗauki cokali, ya durƙusa, ya kai bakin surukinsa.

Ƙamshin kunun nan ya daki hancin Malam Bakari, cikinsa ya yi wani irin kuka da ya daɗe bai ji ba. Yunwa ce ta gaske, irin ta mai lafiya. Amma ya buɗe baki a gaban suruki, suruki ya zuba masa kunu kamar jariri? Ya kau da kai ya ce alhamdu lillahi, ya ƙoshi. Ashiru ya lallaɓa, ya roƙa, ya haɗa da Allah da Annabi. Da ya gaji ya mayar da filas cikin loka ya rufe, ya je ya gaya wa ma'aikatan jinya cewa Baba ba ya iya shan komai. Lokar tana can ta inda mai ɗinki a ciki ba zai kai hannu ba. Ko da zai kai ma, in kunu ya ragu ai an gane ya sha a ɓoye kamar yaro ya saci madara, wannan kuma ta fi ta farko muni. Ya roƙi wani ya miƙo masa? Sai ya fara cewa yana jin yunwa, kalmar da bai san yadda ake fara ta ba.

Mutum ɗaya ce da za ta warware wannan ƙulli da kallo ɗaya, ita ce Habibatu. To amma da yamma in ta zo, Ashiru yana gaishe ta a durƙushe ya ce jiki da sauƙi, Malam Bakari ya ce da sauƙi, ita ma ta ce Allah ya ƙara sauƙi. Ta ga filas bai taɓu ba ta tambaya, Ashiru ya ce zuciyarsa ce ba ta karɓa tukuna. Yaya za a yi ya dubi uwar matarsa ya gaya mata abin da likita ke nema kullum da safe? Haka mutum uku masu ƙaunar juna suka zauna suna yi wa juna ladabi, tsoho yana ƙara bushewa a kan gado.

Wata safiya Likita Khairat ta zo ba ta yi murmushi ba. Ta yi tambayar, ta samu amsar. Ta tambayi Ashiru ko ya sha wani abu, ya girgiza kai. Ta cire tabarau ta goge. Ta ce tana tsoron ko sabuwar hanyar ba ta aiki, ko ta lanƙwashe, ko ciwon ya kama wani wuri a ƙasa. Ruwan da ake ƙara masa ba abinci ba ne, ba zai riƙe shi har abada ba. Za a mayar da robar hanci yau, a kai shi hoto, in ta kama a sake komawa tiyata, ko da yake jikinsa ba lalle ya ɗauki aiki na biyu ba. Maganar Gubi dai a ajiye ta tukuna.

Ashiru ya zauna a bakin tabarmarsa ya rufe fuska da hula. Kafaɗunsa suka shiga rawa. Malam Bakari ya saci kallonsa, abin da bai saba ba, ya ga yaron ya rame, idonsa ya faɗa, ga shi yana kuka a gaban mutane saboda tsohon da bai taɓa kiran sunansa ba. Ya dubi tiren da ma'aikaciyar jinya ta ɗauko, robar nan na kwance a kai a naɗe. Ya buɗe baki. Maganar ta zo har maƙogwaro ta tsaya, ita ma kamar an toshe mata hanya.

Kofur Modu ne ya yi gyaran murya daga gadonsa.

"Likita, kafin ka sa masa wannan abu, bari tsohon soja ya ba da rahoto. Ni na yi aiki a fagen daga, na san ƙarar bindiga. Wannan Fulata, da yaron nan ya fita alwala, sai ya buɗe wuta. Jiya sai da na ja bargo na rufe kai, na ce yau Fulani sun ci Borno da yaƙi."

Ɗalibai suka cije leɓe. Wata ta juya tana duba bango. Kofur bai gama ba, ya ce kuma a daina cewa ba ya son kunu, don duk sanda aka buɗe filas maƙogwaron bawan nasa hawa yake yana sauka. Ya nuna Ashiru da sandarsa ya ce ga ciwon nan a zaune. Wa ya taɓa ganin Bafulatani ya ci abinci surukinsa na ƙirga masa loma?

Likita Khairat ba ta yi dariya ba, ko da yake gefen bakinta ya so ya ci amanarta. Ta sallami ɗalibai ta ce su jira ta a gado na gaba. Ta ce wa Ashiru ya je ya sha iska. Ta ja labule ta zagaye gadon, ta zauna, ta rage murya. Ta ce ba za ta iya aiki da maganar maƙwabci ba, sai ta ji daga bakinsa, domin a kan amsarsa za ta yanke ko a sa roba ko a fasa.

Malam Bakari ya dubi yatsun ƙafarsa.

"Babarbare bai saba faɗin gaskiya ba," in ji shi. "Amma yau ya yi kuskure ya faɗa."

"Tun yaushe, Baba?"

"An kwana biyu."

Ta sauke numfashi. Ta ce masa da ya san irin rashin barcin da ya jawo mata da ya ji tausayinta. Laifin nata ne ma, in ji ta, da ta tsaya tana yi wa dattijo irin wannan tambaya a tsakiyar kasuwa. Ta buɗe loka da kanta ta zuba kunu kaɗan a kofi, ta ajiye inda hannunsa zai kai, ta ce cokali-cokali, in ya ji nauyi ya tsaya. Ta fita ta ja labulen.

Ya yi bisimilla ya kai cokali na farko. Kunun ya sauka da ɗumi, ya bi shi da hankalinsa kamar yadda yake bin saniya mai ɗingishi, yana jiran inda zai tsaya. Bai tsaya ba. Ya jira dutsen nan ya dawo ƙirji, bai dawo ba. Ya ƙara wani. Daga bayan labule Kofur yana tambaya ko a kawo wa bawa ƙari, ko kuwa sai ubangijinsa ya zo ya ba shi a baki. Malam Bakari ya ce masa mutumin da ƙafa ɗaya ta gagara ya bar zancen zuwa ko'ina.

Ashiru ya dawo ya tsaya nesa da labule, kunya ta ishe shi har bai san inda zai sa hannunsa ba. Amma daga ranar, da lokacin abinci ya yi, sai Ashiru ya zuba kunu ya ajiye, ya tuna akwai wanda zai kira a waya can bakin ƙofa. In ya dawo ya duba kofin ya kai rahoto. Tambayar safe kuwa likita ta mayar da ita bayan labule, ita da shi kaɗai. Habibatu ta ji labarin duka daga bakin Kofur, wanda bai rage ko gishiri ba. Ta rufe baki da mayafi ta yi ta girgiza, ta ce ai da an tambaye ta.

Daga kunu aka koma fate mai laushi, daga nan farfesun da aka dafa har nama ya narke. Aka cire ƙarin ruwa. Ranar sallama Likita Khairat ta zaunar da su ta maimaita abin da ta faɗa tun farko, don kada murna ta sa a manta: ciwon yana nan, ba a taɓa shi ba. Ta ce ya riƙa ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, abu mai laushi, kada ya kwanta da ya gama. Ta ba da maganin zafi ta ce a sha a kan lokaci, ba sai ciwo ya kai shi bango ba, ta dubi Malam Bakari ta ce wannan da shi take. In amai ya dawo ko ciki ya kumbura a zo da wuri. Akwai maganar allurar da ke rage wa ciwon gudu, za su zauna a kanta in ya ƙara ƙarfi, shi zai zaɓa. Watanni ne ko fiye, ba ta sani ba. Malam Bakari ya ce watannin da mutum zai yi a gidansa yana ci da hannunsa ba ƙananan watanni ba ne. Ya yi mata addu'a doguwa. Da zai fita ya tsaya a gadon Kofur, suka riƙe hannun juna suka ƙi saki, kowa yana gaya wa ɗan'uwansa cewa ya 'yanta shi don Allah.

Ruwan farko ya riga ya sauka da suka kama hanyar Gubi, ƙasa ta yi duhu, ciyawa ta fara leƙowa. Keke ya tsaya a ƙofar gida. Maƙwabta suka taru ana barka da arziki, Malam Bakari yana amsawa da cewa ai ba wani abu ba ne, ɗan ciwon ciki ne. Ashiru ya shigar da kaya, ya ce wa mai keke ya zo zai nuna masa dam ɗin Gubi, alhali mai keken a garin aka haife shi, ya san dam tun yana yaro. Habibatu ta kawo kindirmo a ƙaramar ƙwarya, ba ta cika ta ba, ta ajiye ta ja labule. Wannan karon ba ta yi nisa ba, ta zauna a bakin ƙofa ta kori kaji daga gindin taga.

Can ta ji ya ajiye ludayi. Ta kasa kunne. Sai ta ji muryarsa yana tambaya ko gaskiya ne jar saniyar da aka bari a gida ta haihu yana asibiti. Ta ce ta haihu, mace. Ya ce a miƙo masa sandarsa. Ta ce likita ta ce ya huta. Ya ce likita ta ce kada ya kwanta bayan ya ci, da kunnensa ya ji. Habibatu ta ɗauko sandar ta miƙa masa, ta bi bayansa a hankali zuwa garke.